Tsofaffin da Direkta Ya Aike Ni Nema

Cikin shekarun da na yi ina teknisiyen a ƙaramin gidan rediyonmu na Filinge, ban taɓa mantawa da ranar da Direkta ya ce in kawo masa tsofaffin da babu su a duniya ba.

Lokacin soja sun mayar da mulki ga farar hula, salula ta fara shigowa ƙasar Kurfai. Aikin teknisiyen, ga wanda bai sani ba, zama ne bayan gilashi: ka buɗe wa mai magana makirho, ka sa kaset, ka tsare allurar sauti kada ta haura ja. Direktanmu, Alhaji Mainasara, yana da shiri duk Alhamis da la'asar, Kiɗan Jiya. Ba ya sa kowa sai makaɗan orkestar na zamanin samartakarsa, lokacin mulkin soja na farko. Kiɗan yaran yanzu, in ji shi, gwangwani ne ake ja a kan kwalta.

To, akwai wasu samari a bayan kasuwa masu kiran kansu Tartsatsin Kurfai. Shugabansu Sumana, makanikin babur ne. Kiɗan rok suke yi, amma da tsohon gita da amfilin ƙara sauti da suka tsinto a kasuwar Balleyara, mai gurnani kamar raƙumi. Idan suka kaɗa, sai ka rantse kakanninsu ne. Sau da dama sun zo neman a sa su, Direkta yana kora.

Sumana ya tare ni ya ce, "Kawu Idi, in ba a ji mu ba bana, mai gangarmu tahiya Kwatano za ya yi, mun watse ke nan."

Sai na ɗauki waƙarsu a wani tsohon kaset mai shashsheƙa, na goga bayansa da ƙasa, na kai wa Direkta. Na ce wani direba ya samo mini daga Yamai, ba suna a jiki.

Ranar Alhamis ya ce in sa. Gita ya yi kuka, ganga ta shigo. Ta gilashi ina ganin Alhaji ya lumshe ido, ƙafarsa na bugun ƙasa. Da waƙar ta ƙare ya matso makirho ya ce, "Masu saurare, kun ji hannu! Waɗanga dattawa, in suna raye, teknisiyenmu Idi ya yi alkawarin kawo muna su nan istidiyo Alhamis mai zuwa."

Ni ban yi alkawarin kome ba.

Mako guda ban ji daɗin tuwo ba. A kasuwar Lahadi mutane suna tare ni suna tambayar lafiyar dattawan. Wata tsohuwa daga Bonkuku ta rantse ta yi rawa da waƙar a bikin ƙanwarta. Sumana ya kawo shawarar su shafa toka a kai su ɗauro rawani. Na ce masa in za a kore ni, gara a kore ni ba da toka ba.

Ranar ta zo, na shigo da su ana dab da buɗe shiri, ko gemu babu mai shi. Alhaji ya dube su ta saman tabarau.

"Idi, waɗanga su na dattawan?"

"Su ne, ranka ya daɗe."

"Lalle sun ji jiki. Buɗe makirho."

Na buɗe. Ya gabatar da su ɗaya bayan ɗaya da cikakken ladabi, yana kiran Sumana "Baba". Sannan ya ce, "Baba, a baiti na biyu kun ce wa yarinyar, 'in kin isa rijiya ki yi mini bip.' Ashe a zamaninku har salula gare ku?"

Dariya ta kubce wa mai gangar. Ni kuwa na so ƙasa ta tsage. Ni na ɗauki waƙar nan da hannuna, na saurare ta ya fi a ƙirga, amma idona na kan allura, ban taɓa jin abin da suke faɗi ba.

Alhaji ya miƙa hannu aka ba shi gitan. Ya murɗa wata tsirkiya, ya ce tun makon jiya take ci masa rai. Sai ga yatsun Direkta suna gudu a kai kamar ba su taɓa riƙe carbi ba. Yaran suka bi shi. Ashe shi ma ya taɓa kaɗawa a Yamai, bai taɓa gaya wa kowa ba.

Daga ranar aka fara kiran Tartsatsi bukukuwa har Abala, mai ganga ya fasa tafiya. Ni kuma hukuncina, ɗaukar amfilinsu a ka duk lokacin da za su zo istidiyo.

Shi ya sa nake ce muku, ku sababbin shiga aikin teknisiyen: ku tsare allura, amma ku buɗe kunne. Kuma in za ku yi wa tsohon ɗan rediyo wayo, ku fara tambaya mene ne aikinsa kafin ya zama Alhaji.