Kan Kowa a Cinyar Inna, Ban da Nawa

Inna ba alƙaliya ba ce, ba ta taɓa taka ƙofar kotu ba, amma a unguwarmu ta Kuje auren da ta ɗinke ya fi wanda kotu ta raba. Mace in ta yi yaji kuma iyayenta suna can nesa, Zariya ko Gusau ko wani ƙauyen da sai an kwana a mota, to gidanmu take nufa da ɗan ƙullin kayanta. Abuja ce, kowa baƙo ne. Wa zai je biko har Gusau?

Aikin Inna da kitso take yin sa. Mace ta shigo tana kuka, Inna ba za ta tambaye ta komai ba. Sai ta jawo kujerarta 'yar tsugunne, ta ɗauko kibiya, ta ce, "Zo nan 'yata, kawo kan nan." Ta ɗora kan a cinyarta ta fara tsifa. Tana tsifa mace na amayar da abin da ke cikinta, don wanda ba ya kallon idonka ya fi daɗin faɗa wa magana. Sai ta ji komai tas, sannan ta aika a kira mijin, ya tsuguna a zaure ita tana daga ciki, ta ji nasa. Daga nan a nemo babba ɗaya daga ɓangarensa, ɗaya daga nata, a zauna. Kan kuwa yana nan a tsefe cikin ɗankwali har sai magana ta ƙare. In an shirya, ta yi mata kitso ta koma ɗakinta. In auren ya ƙi, a rabu ba zagi, a tsayar da wanda zai riƙe yara da wanda zai ciyar, ita ma a yi mata kitsonta. Inna takan ce mace ba ta fita gidanta da kai a hargitse.

Kowace mace ke nan, ban da ni.

Ni ce 'yar fari. Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kallona ido cikin ido, ba ta yabona, in ana maganata a gabanta sai ta tashi ta ba da wuri. Alkunya ce, haka ta taras ana yi a garinsu, kuma ta ɗauko ta cak ta kawo Abuja ko ƙwarzane babu. Sunana a bakinta "ke", in ta ji daɗi "waccan". Kitsona tun ina ƙarama maƙwabciyarmu ke yi, wata Kirista 'yar Filato da muke kira Mama, aminiyar Inna ce, ita ke taya Inna in rigimar ta shafi 'yan coci. Mama tana da hannu mai taushi, ban taɓa kuka a wurinta ba. Amma ina zaune tsakanin ƙafafunta idona na kan wata ƙatuwar mata da ta baje a cinyar uwata tana sharɓe majina, ana ce mata "'yata". 'Yarta a ina? A gidan wa aka haife ta? Wallahi na tsani matan nan. Na sha zuba musu gishiri fiye da kima a miya in an sa ni kai musu abinci, kuma ko yau ban ce na yi nadama ba.

Na taɓa yi wa Mama ƙorafi ina budurwa. Ta yi dariya ta ce da irin Hausarta, "Kai yarinya, mamanka yana sonka, kunya ne kawai." Na ce a raina, son da ba a gani a kai shi kasuwa. Inna inuwar giginya ce, na nesa ka sha.

Na yi aure, na haifi biyu, na kama shago a kasuwar Gudu ina sayar da atamfa da leshi. Maigidana direba ne a wata ma'aikata, mutum mai sanyi, amma in ya ƙudura abu ko jaki albarka. Ya samu gona can a ƙauyen Yangoji, noma ya shiga ransa. Ban ƙi ba. Sai ranar nan na dawo daga kasuwa, gosulon motoci ya gama cin ƙafata, ya tare ni da cewa ya sallami gidan hayarmu, ƙarshen wata za mu tare a Yangoji, shagon kuma in nemi mai saye. Ba shawara ba, sanarwa. Kamar ogansa na ba shi umarni a mota. Na faɗa masa abin da ya zo bakina, shi ma ya faɗi nasa, har kalmar saki ta leƙo ta koma. Da safe na saɓa ƙaramin a baya, na ja babbar, sai Kuje.

Gaskiya zan faɗa: a cikin motar nan, duk da zuciyata na tafasa, akwai wani ɗan daɗi a ƙasanta. Na ce yau dai na zama mai yaji. Yau dole a ce da ni kawo kan nan. Tun a hanya nake shafa kitsona.

Na yi sallama ina kuka. Inna na tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta dubi ƙullin kayana, ta dubi yaran, ta karɓi ƙaramin ta rungume. Sannan ta juya wajen katanga ta ɗaga murya, "Mama! Leƙo, kin yi baƙuwa."

Baƙuwa! Ni!

Mama ce ta tsefe ni. Ita na faɗa wa komai, ina faɗa da ƙarfi yadda za a ji a madafa, amma ko tari Inna ba ta yi ba. Da maigidan ya zo, Mama ce ta saurare shi a zaure. Aka kira kawuna daga Gwagwalada ya tsaya mini, shi kuma ya kawo baffansa. Inna ta dafa musu abinci ta shige ɗaki ta sako labule.

A kwanakin nan kuma sai ga wata amarya, matar wani mai gyaran babur, ta zo da kukanta wai ya hana ta waya. Waya fa! Ni ana shirin tuge ni daga sana'ata a kai ni bakin gona, ita waya. Ina kallo Inna ta jawo kujera, "Zo nan 'yata." Na shiga bayi na ciji zanena don kada a ji ni.

Zaman ya yi kyau, ba zan ci hakkin dattawan nan ba. Kawu ya ce mace ba buhun masara ba ce da za a ɗora a mota ba a tambaye ta ba. Baffan ya ce gaskiya ne, amma ita ma bakinta ya yi tsawo, kuma ban musa ba. Aka tsayar: ni da yara mu zauna a gari, a nemi ɗaki mai sauƙi, shago na nan. Shi ya yi nomansa, ya riƙa zuwa gonar ƙarshen mako, in kaka ta yi mu je mu taya shi. Ya ba ni haƙuri, na ba shi. Aka shafa fatiha, aka ce gobe da hantsi zai zo ya ɗauke mu.

Kowa na murna, ni ko a jikina. Aurena ya dawo, amma abin da na zo nema ban samu ba. Da yamma Mama ta leƙo ta ce in zo ta kama mini kan. Na ce ta bar shi. Na tsaya a tsakar gida, Inna na ɗaki, na ce da labulen:

"Haka zan koma. Kowa ya gani. A ce ga 'yar mai gyaran auren Kuje, kanta kamar sheƙar tsuntsu. Matan duniya duk 'ya'yanki ne, ni kaɗai ce aka tsinto. Ni na ce a haife ni farko?"

Mama ta riƙe baki tana salati irin nasu. Labule bai motsa ba.

Da safe na haɗa kaya, na yi wa yara wanka, na ɗaura ɗankwali a kan tsefaffen kaina. Na fito zan zubar da ruwa sai na ga Inna zaune a kujerarta, ga kibiya, ga mataji, ga man kitso a murfin kwano. Ba ni take kallo ba, bishiyar gwandar da ke jikin katanga take kallo. Ta ce da gwandar, "Wai duk gidan nan babu mai kan da ke son kitso ne?"

Na ajiye bokitin. Na je na zauna, na ɗora kaina. Cinyarta ƙashi ce zalla, zanenta na ƙanshin hayaƙi da daddawa. Ashe hannun Inna zafi gare shi! Ja take kamar mai tufka igiya, hawaye na zubo mini, rabi na zafi rabi na abin da na sani. Ashe abin da matan nan ke sha ke nan, nake ta yi musu baƙin ciki. Sai dai in ta gama layi ɗaya takan bar tafinta a kan goshina ya ɗan jima kafin ta tsaga na gaba.

An kai rabi sai muka ji sallama, murya na rawa. Wata ce da goyo da jakar leda, ido jajir. Na ji cinyar Inna ta motsa za ta miƙe, yadda ta saba. Ban san lokacin da na cafke gwiwarta da hannu biyu ba. Na riƙe gam, na ƙi ɗaga kai.

Inna ta koma ta zauna daidai, ta ce da matar, "Shigo, ga tabarma can, ki jira. Akwai kai a hannuna."