Sunanta a Cikin Talafon

Ɗiyata ta fari ban taɓa kiran sunanta ba. Haka aka yi mana, haka muka yi. Ɗan fari ba a ambatonsa, ba a yi masa wasa gaban mutane, ba a nuna an lura ko ya ci ko bai ci ba. Ita kuma ga ƙari, sunan uwata aka sa mata. To da wane baki? In ina nemanta sai in ce, "Ke waccan." Ko tana tsakiyar taron yara a bakin kogi, ita kaɗai ke ɗago kai.

Ta yi karatu, ni ban yi ba. Ta zama mumarrida, wato mai jinya, a Sinnar. Ranar hutunta takan shigo hafla, motar haya, ta zo gida Mai Wurno da sukari da ganyen shayi, ta kwanta bisa angarib, gadonmu na igiya, tana danna talafon tana dariya ita kaɗai. Nakan ce, "Ke waccan, mahaukaci ke dariya da tafin hannunsa." Sai ta ce, "Inna, 'yan aikinmu ne, gurub gare mu a ciki." Ban tambayi mene ne gurub ba. Na dai gane zauren hira ne wanda ba shi da tabarma.

Da yaƙi ya iso wajenmu mutane suka watse, ita ta bi marasa lafiya kudu, Damazin. In an sami shabaka, wato layin waya ya kama, takan kira ta wayar maƙwabciyarmu. Kiranta na ƙarshe ta ce tana wata makaranta da aka mayar wurin kwantar da masu amai da gudawa. Daga nan shiru. Damina ta yi nisa, shiru. Ubanta ƙafa ta hana shi tashi. Da hanya ta buɗe na ɗaura tobina, mayafin fita, na shiga mota ni kaɗai, in gano ko tana raye.

Na sami makarantar da hantsi. Warin maganin wanke hannu tun daga titi. A ƙofa wata Balarabiya mai farar riga ta tare ni, ta ce wa nake nema. Na ce ɗiyata. Ta ce sunanta fa? Na tsaya. Na ce doguwa ce, tana da wushirya. Ta nuna mini ƙyallen da ya rufe mata baki da hanci, ta ce, "Ya Hajja, a nan wa ya ga haƙorin wani?"

Sai na faɗa. Na sunkuyar da kai na faɗi sunan a hankali, ya fito mini kamar na tofar da tsakuwa. Ta yi ɗan tunani ta ce masu wannan suna da yawa sun zo sun wuce, wasu sun tafi Habasha, wasu sun koma gida. Shi ke nan. Abin da na riƙe a baki tun ina yarinya mai goyo, na sake shi a ƙofar makaranta, bai sayo mini komai ba.

Ta kai ni gindin darbejiya inda wasu 'yan aikin ke shan jabana, wato gahawa, wajen mai shayi. Ɗaya daga ciki, gajera mai ƙiba, ta ji gaisuwata ta amsa da Hausa. 'Yar Rusairis ce. Na ce mata daga Mai Wurno nake, ta ba ni kujerarta ta tsuguna.

Ta ce, "Inna, mu nan tarkace ne, kowa daga inda ya gudo. A gurub muka haɗu kafin mu ga juna, kuma ba mai sa sunansa na yanka ko garinsu, don masu bindiga na bincika talafon a hanya. Da sunan gurub muke kiran juna har a bakin aiki."

Na ce, "Ke mene ne naki?"

Wata siririya ta riga ta. "Uwar Tagwaye! Ga ta ko saurayi ba ta da shi."

"Rufe mini baki, sandar rake. Ranar da na fara aiki tagwaye na karɓa, Inna, ni kaɗai, ina kuka suna kuka. Ita kuwa wannan Hannu Sanyi ta sa wa kanta, wai allurarta ba zafi. Tambayi yaran ciki ki ji."

Suka yi dariya, ni ban yi ba. Gajerar ta nuna wata da ke zaune gefe, ta ce wannan Mai Jiran Gada ce, mijinta yana can ƙetare tun da aka rufe hanya. Akwai kuma 'Yar Masunci, wadda kogi ya ci ubanta shekarar da ta gama karatu.

Ni mai kallon hannun mutane ce. Tun da na ce daga Mai Wurno nake, na ga siririyar ta aje finjalinta ba ta ƙara ɗauka ba. Na ce mata, "Ke, akwai wadda ba ku faɗa ba."

Ta dubi gajerar. Gajerar ta dubi ƙasa, ta ce, "Akwai wata doguwa. Ita Ke Waccan ta rubuta."

Na ce, "Ta gaya muku dalili?"

"Mun yi ta tsokanarta, wai wannan ai ba suna ba ne, tsawa ce. Ta ce kiran uwarta ne. Ta ce duk wanda zai tashe ta aiki ya kira ta da shi, don in ta ji shi ba ta iya cewa ta gaji."

Na ce, "Kun kira ta da shi?"

"Kullum, Inna." Gajerar ce ta amsa. "Har ranar da abin ya kama ta. Ba mu sani ba, tana kwance muka ɗauka barci ne. An kawo yara cike da mota. Na leƙa na kira ta, ta tashi. Ta sa wa yaran ruwa sannan ta faɗi. Washegari da la'asar Allah Ya karɓi abinSa."

Na ce Inna lillahi. Na ce wa ya wanke ta. Suka ce su, da safar hannu, yadda aka ba su izini. Na ce an yi mata salla? Suka ce an yi. Na ce to a kai ni.

Gajerar ce ta raka ni maƙabartar da ke bayan gari. Sababbin kaburbura jere, ruwan sama ya daidaita kawunansu, ciyawa ta fara fitowa. Ta yi gaba ta dawo, ta sake yin gaba. Ta tsaya ta buɗe hannuwa biyu ta ce, "Tsakanin nan da nan ne, Inna. Ki yafe mini, ranar da yawa aka kawo."

Na ari buta wajen mai gadin wurin. Na fara daga inda hannunta na dama ya nuna, ina yayyafa wa kowane kabari kaɗan kaɗan don ruwan ya kai. Bai kai ba. Na koma na sake cikowa.