Teburin Don Eladio

Yesenia Taveras abokiyar aikina ce, mace mai saurin fushi, kuma ba ta cin abincin rana da kowa sai a gaban kwamfutarta. Aikinmu shi ne mu gina titunan unguwar Bronx a kwamfuta, mu saki iska a ciki, mu ga inda ƙurar hayaƙin motoci take taruwa. Gine-gine kawai muke sawa. Amma a titin da ta taso, kullum sai ta ƙara wani ɗan akwati a bakin hanya.

"Ke, wannan kuma fa? Kwandon shara ne?" na tsokane ta.

"Kai ne dai kwandon shara! Teburin babana ne."

Mangwaro da ayaba baban nata, Don Eladio, yake sayarwa. Mutumin Santo Domingo ne, garin zafi, ba ya shiri da sanyi, don haka ya zaɓi gefen da dogon gini ke tare masa iska. Nan ya zauna shekara da shekaru, har tari ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ta nuna min fuskar kwamfutar. Iska tana tsallake rufin, ta gangaro ta ɗaya gefen, ta kwaso hayaƙin manyan motoci ta jibge daidai kan akwatin. Wurin ya yi jawur, alamar hayaƙi ya yi yawa. Tsallaken titin kuwa shuɗi ne fes.

Ta ja akwatin ta mayar can, ta zuba masa ido.

"Papi," ta ce a hankali, yadda take kiran baban nata, "titi ne fa kawai. Da ka sa rigar sanyi ka tsallaka."