Idona Ya Kusa Ja Min Duka a Bas

Jama'a, yau saura kaɗan a yi min dukan maye!

Kun san an cire min yanar ido, aka sa min ɗan gilashin roba a ciki. To, ina cikin bas daga Gonin Gora, rana ta haske min fuska. Matar da ke gefena ta ƙwala ihu: "Jinin Yesu! Idonsa na ƙyalli kamar na mage!"

Direba ya taka birki. Mutane suka taru! Wani har ya ɗauki dutse.

Na ce, "Madam, aikin asibiti ne fa!"

Kwandasta ya leƙa idon, ya ce, "Baba, gudu kawai."

Na iso gida, na gaya wa matata. Ta ce, "To me ka ɗauka ya sa nake kwana a falo?"