Ƙarfen da Muka Kai Musawa a Buhun Taki

Rana ta farko: Mahuta zuwa Malumfashi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana idar da salla, muka fito daga gida a Mahuta, ni da Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, da wani ƙarfe mai haƙora a cikin buhun taki. Ban taɓa fita da sunan wakiliyar kowa ba sai ranar, shi ya sa na ɗaura ɗankwali na kwance har sau uku. Gwaggo kuwa atamfar biki ta sa, har da turare.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu. Mu mata ashirin da shida ne muka haɗa ƙungiya ta masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Shekara biyu da suka wuce wasu masu agaji suka zo daga birni a farar mota, suka sauke mana wani ƙaton akwatin katako, suka ce injin matsar mai ne. Aka ɗauki hoto, aka sha lemo, suka ce mai haɗawa na nan zuwa mako mai zuwa. Har yau yana hanya. Akwatin ya zauna a ɗakin shugabarmu Hajiya Asabe, can cikin gida inda maza ba sa shiga. Da muka gaji muka buɗe, sai ƙarafa rututu, ba mu san kai ba balle gindi. Mata suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, wasu mazansu suka ce wasa muke yi, har muka koma mu goma sha ɗaya. A taron ƙarshe aka yanke cewa nan da kwana huɗu a kira ɗan gwangwan ya auna ƙarafan, kowa ta kama gabanta.

A wurin ne Gwaggo ta miƙe ta ce ta ji labarin wata mata a ƙauyen Malumfashi, Mama Rifkatu, wadda ke kwance inji ta mayar da hannunta. Na ce in ɗauki hoton ƙarafan a waya. Gwaggo ta ce a'a, ba a kai wa likita hoton mara lafiya. Ta zaɓi mafi nauyi a ciki ta ce shi za mu ɗauka.

Ƙarfe bakwai saura kwata muna Funtua. A tasha muka sha koko da ƙosai a tsaye, Gwaggo ta taka buhun da ƙafa ɗaya kamar wani zai fizge. Kaka ce, ko'ina ka duba masara ce tsibi-tsibi, manyan motoci na lodi. Takwas da minti goma ƙaramar motarmu ta cika, mu huɗu a baya, ƙarfen a kan cinyata.

Wani Alhaji mai babbar riga da ke gaba ya ji muna zancen ƙungiya, ya waigo.

"Ashe 'yan'uwa ne. Ni ma shugaban ƙungiya ne, har uku."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da hatimi uku ɗaure da roba.

Na ce, "Alhaji, su membobin fa, yaushe kuke taro?"

"Hajiya, ai namu sai lokacin rabon taki suke farkawa. Ana gamawa su koma barci."

Gwaggo ta ce, "To Allah ya tashe su lafiya." Direba ya yi dariya har ya buga sitiyari. Ni ma na dara, amma abin ya tsaya mini a rai. Mu da muke taro duk mako muna shirin watsewa, ga mutum da ƙungiya uku a aljihu ko gumi bai yi ba.

Bayan Bakori kaɗan aka tsayar da mu a shinge. Jami'in ya leƙo, idonsa ya faɗa kan buhu.

"Mama, mene ne a ciki?"

Gwaggo ta ce, "Dukiyar mata goma sha ɗaya ce, ɗana."

Ya sa na fito da ƙarfen. Ya juya shi, ya taɓa haƙoran, ya kira abokin aikinsa.

"Wannan ba makami ba ne kuwa?"

"Ɗana, da mun san ko mene ne ai da muna gida muna suyar ƙuli."

Suka kwashe da dariya, suka mayar mana da abinmu, har ɗaya ya ce in mun gano mu faɗa masa a dawowa.

Tara da minti arba'in muka sauka Malumfashi, tafiyar kusan kilomita hamsin. Daga nan babura biyu, minti ashirin da biyar a hanyar gona. Gwaggo ta riƙe rigar mai babur tana salati tana dariya lokaci guda.

Ƙauyen Mama Rifkatu

Ba mu same ta ba. Mijinta, Baba Istifanus, tsohon malamin makaranta mai farin gashi, ya tarbe mu a gindin mangwaro ya ce ta shiga ƙauyukan Musawa sayen gyaɗa, can ba a samun waya, sai gobe da safe za ta fito kasuwa.

"Ku kwana nan, Hajiya. Hanyar nan ba a bin ta da yamma yanzu, kun sani."

Mun sani. Muka zauna.

Ya kai mu rumfar ƙungiyarsu, a bayan coci. Tun daga nesa ƙamshin gyaɗa ya dake ni. Mata biyar ne a ciki, biyu da hijabi, uku da ɗankwalin zumuntar matan coci, inji na ruri, mai na tsiyaya a baho kamar ruwan indararo. Abin da muke kwana biyu muna murzawa da hannu, har kafaɗa ta riƙe, ya fita kafin in gama gaisuwa. Gwaggo ta tara tafin hannu, ta lasa, ta rangaɗa guɗa. Matan suka amsa mata. Ba mu san sunan juna ba muka hau rawa.

Da abin ya lafa na fito da ƙarfenmu. Wadda ke kula da injin ta duba, ta zagaya nasu, ta dawo.

"Yaya, namu ba shi da irin wannan ko kaɗan."

Na ce a raina ko dai lalatacce aka kawo mana, mun sha wuya a banza. Gwaggo ta ce in mayar da shi buhu in daina ɓata fuska a gidan mutane.

Baba Istifanus ya aika aka kira maƙwabcinsa Musulmi ya yanka mana kaza. Aka kawo buta da sabuwar tabarma, ya nuna mana gabas da sandarsa. Tuwon masara da miyar kuɓewa ɗanya muka ci kafin magariba, Gwaggo ta ƙara har sau biyu tana cewa tafiya ce ta buɗe mata ciki.

Rana ta biyu: Musawa

Shida da rabi muka fito, bakwai da kwata mota ta tashi daga Malumfashi. Muka wuce Dayi, muka sauka Gidan Mutum Ɗaya muka canja mota. Shinge biyu muka wuce, ba wanda ya kula buhunmu, Gwaggo har ta ji haushi. Goma saura minti goma muna Musawa.

Ban taɓa ganin babura da yawa haka ba. Wani da awaki biyu, wani da buhu uku da matarsa a sama. Muka nemi layin 'yan gyaɗa. Dama Baba Istifanus ya ce mu nemi gajeriyar mace mai babbar murya, kuma muryar ce ta fara iso mu. Tana tsaye kan wani dillali tana cewa ya sauke tiyar nan mai faɗin baki ya ɗauko ta gaskiya.

Muka gaisa, na zayyana mata komai, na zaro ƙarfen. Ta karɓa da hannu ɗaya. Ta dube shi, ta dube mu.

"Wa ya ce muku na matsar mai ne?"

"Waɗanda suka kawo, Mama."

"Akwai wani faffaɗan ƙarfe mai huji-huji kamar rariya a akwatin?"

"Akwai."

"Da fanka?"

"Da fanka."

Sai ta fashe da dariya. Ta yi ta yi har ta zauna kan jarka tana share hawaye da bakin zane.

"Wayyo 'yan'uwana! Shekara biyu! Wannan ai cikin injin casar masara ne. Ko gyaɗar duniya kuka zuba ba zai ba ku ɗigon mai ba. An yi musanyar akwati ne. Yanzu haka akwai wasu manoma a wani gari da suka tasa injin mai a gaba suna jiran ya cashe musu masara."

Na rasa inda zan sa kaina don kunya. Gwaggo ce ta fara farfaɗowa.

"Tsaya, 'yar'uwa. Masara kika ce? Irin wanda ake bi gona-gona da shi, mutane na layi?"

"Shi fa. A ƙasarku ta masara, kuma da kaka. Kuna zaune kan abinci kuna kuka."

Gwaggo ta cire mayafi ta ɗaura a ƙugu ta fara taka rawa a tsakiyar kasuwa, a gaban dillalai. Na ce, "Gwaggo, mutane!" Ta ce su kalla. Ban san sanda na bi ta ba.

A rumfar mai fura Mama Rifkatu ta ba mu labarin tasu ƙungiyar. Su arba'in suka fara, yanzu su goma sha bakwai. Wasu aure ya kai su nesa, wasu tsoron hanya ya sa sun koma birni. Man inji ya yi tsada, ba su da ɗakin ajiya, dole su sayar da kaka lokacin da kaya ba su da daraja. Ta ce injinsu na farko ma shekara ya yi a kwance, sai da ta je ta zauna a garejin wani bakanike wata uku yana korar ta tana dawowa.

"Yanzu duk wanda ya kawo mana abu, ba ya tafiya sai ya koya wa mata biyu. In yana sauri ya tafi da kayansa."

Na ce, "Mama, jibi ɗan gwangwan zai zo."

Ta ajiye ludayi. "Ɗan wa? Ku tashi mu je."

Ta sa aka ɗora gyaɗarta a mota, muka koma ƙauyensu kafin la'asar ta yi sanyi, muka sake kwana.

Rana ta uku: komawa Mahuta

Bakwai daidai muka bar ƙauyen, mu uku, Mama da jakar sufanu a kafaɗa. A shingen Bakori jami'in nan ya gane mu.

"Mama, an gano?"

Gwaggo ta leƙa ta taga. "Na masara ne, ɗana! Ka kawo taka!"

A Funtua muka tsaya layin masu kayan inji, Mama ta zaɓi bel da kusoshi, ta mayar wa mai shago guda biyu ta ce jabu ne, bai yi musu ba. Ɗaya da minti ashirin muka shiga Mahuta.

Na riga na buga waya, don haka mun tarar da gidan Hajiya Asabe cike, har da matan da suka daina zuwa taro. Aka jawo akwatin tsakar gida. Mama ta ce ba za ta ɗaura kusa ko ɗaya ba, nuni kawai za ta yi. Ta miƙo mini sufana. Na ɗaura fanka a juye, ta sa na kwance. Gwaggo ta riƙe ƙafar injin tana ba da umarnin da ba wanda ya tambaye ta. Maigidana ya aiko da ƙaramin injinsa na fetur wanda zai juya namu, yara suka shigo da shi, shi yana zaure yana tambaya ko an gama.

Biyar saura kwata Mama ta ce in ja igiya. Na ja, shiru. Na sake ja, ya yi tari. A na uku ya kama. Hajiya Asabe ta juye kwandon masara a baki, sai ga tsaba na zubowa ta ƙasa, totuwa na tsalle ta gefe, ɗaya ta doki Gwaggo a goshi. Guɗar da aka yi sai da maza suka taru a ƙofar gida suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Ba duka aka yi murna ba. Mata biyu sun ce su mai aka yi musu alkawari, kafaɗunsu na nan na ciwo, kuma gaskiyarsu ce. Kafin magariba wani dattijo ya aiko cewa aikin inji na maza ne, a ba su su riƙa juya shi. Mama ta dubi Hajiya Asabe, Hajiya ta dube ni, na ce a gaya masa mun gode, yana iya kawo masararsa gobe da hantsi. Ɗan gwangwan kuwa aka aika masa kada ya wahalar da kansa.

Washegari muka raka Mama Rifkatu mota da ƙuli-ƙuli cike da bokiti, ta ce in bel ya tsinke kada in kira ta sai na gwada sau uku.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Baba Istifanus da kazarsa, da matan rumfar bayan coci, da direbobin da suka haƙura da surutunmu, da Mama Rifkatu wadda ta yi mana dariya sannan ta biyo mu har gida. Allah ya saka wa kowa da alheri. Ni Binta, mai jan igiyar inji a Mahuta, nan zan tsaya, don tun ɗazu ake sallama a zaure, buhu shida na jira.