Baba Sai-Gobe da Gilashin da Ke Maƙalewa

Kafin kowa ya ɗaga ƙofar shagonsa a layin masu gyaran mota, Baba Sai-Gobe ya riga ya share gaban rumfarsa ya yayyafa ruwa. Daga nan sai ya shimfiɗa wani tsohon tawul a kan benci ya jera kayan aikinsa: filaya, sukudireba babba da ƙarama, salatif, da ɗan ƙwan fitila mai wayoyi biyu wanda da shi yake gano inda wuta ta tsaya. Ya goge tabarau da gefen riga, ya taɓa ƙwan a kan batir ya ga ya kama, sannan ya zauna. Haka muka taso muka same shi, haka kuma muka yi furfura muna kallonsa.

Aikinsa wayoyin wutar mota ne da gilasan tagogi, amma ba na kowace mota ba. Tsofaffi yake so, irin waɗanda kamfanin da ya ƙera su ma ya manta ya taɓa yin su. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Duk gaggawar da ka zo da ita, zai zagaya motar, ya shiga ya zauna, ya shinshina, ya yi ta yi maka tambayoyi kamar mai neman aurenta, sannan ya ce, "Ajiye ta, sai gobe." Mai fenti maƙwabcinsa yakan rantse cewa ko gobara ce ta kama motarka amsar ba za ta canza ba. Baba ba ya musu, dariya kawai yake yi.

Masu shaida suna da yawa. Mai faci yana ba da labarin wata mota da in an danna hon sai fitilunta su ɗauke, an yi ta canza mata kaya a banza. Baba ya bi wayoyinta da yatsa ɗaya bayan ɗaya har ya iske wadda tsatsa ta cinye a ƙarƙashin kujera. Mai fenti ya ga ranar da aka kawo wata ba gilashi ko ɗaya, babu kuma inda ake sayar da irinsu. Baba ya yanka kwali ya yi ta gwadawa a taga yana ragewa, sai da ya zauna daram, sannan ya kai wa mai yankan gilashi ya tsaya a kansa. Akwai kuma wata ɗabi'arsa da ta daɗe tana haɗa shi faɗa da matarsa: ba ya yar da abin da ya cire daga mota. Kowace mota da buhunta, ko da ƙusa ce ta lanƙwashe. Takan ce, "Malam, ka mai da mini ɗakin ajiya juji." Shi kuma ya ce, "Ba nawa ba ne balle in zubar."

Kai ne, Baba, wanda bai taɓa ɗaure waya da leda ya rufe ya ce an gama ba. Kai ne mai goge inda ido ba zai kai ba. Mun sha yi maka tsiya a kan nawarka, amma duk wanda ya karɓi mota daga hannunka ba ya dawowa sai don gaisuwa.

A bana hannunsa ya fara rawa. Ƙaramar ƙusa sai ta kuɓuce masa, ya duƙa yana lalube, abin yana ci masa rai ko da yake ba ya faɗa. 'Ya'yansa suka matsa masa ya huta, ya amsa musu cewa zai rufe rumfa. Ana cikin haka wata mata ta zo ta yi sallama ta durƙusa.

Ta ce, "Baba, wajenka aka turo ni. Mahaifina ne tsufa ya taɓa masa tunani. Ni ba ya gane ni, wannan na haƙura. Amma Inna, matar da suka yi zaman aure tun suna yara, yanzu baiwar Allah yake ce mata, yana tambayarta wa take nema. Kullum sai ta ɓuya ta yi kuka. Abu ɗaya bai manta ba, tsohuwar motarsa da ke jibge a bayan gida. Kowace safiya sai ya je ya zauna a ciki ya riƙe sitiyari. Na ce ko in ta tashi wani abu zai dawo masa."

Baba ya dubi hannuwansa, ya ɓoye su a cikin riga. Can ya ce, "'Yata, a jawo ta. Amma fa sai gobe."

Motar ta zo a ɗaure da igiya, koriya ce a da, ɓeraye sun yi gida a cikinta sun cinye wayoyi. Bakanike ya ɗauki nauyin inji, Baba ya kama nasa. Ya zare wayoyin gaba ɗaya ya ja sababbi, kowace da launin ta da. Ya farfaɗo da hon, da sigina, da waifa, da ɗan ƙwan da ke haska agogon gaba. Da ya zo kan ƙofar gefen fasinja, sai ya ga hannun da ake murɗawa a sauke gilashi yana kaiwa rabi ya maƙale. Ya buɗe cikin ƙofar ya tarar da dalili: ƙarfen da ke ɗaga gilashin mai haƙora ne, haƙori ɗaya ya cinye. Babu irinsa a kasuwa, don haka ya samo guntun ƙarfe ya zauna da zarto yana fitar da haƙoran da hannun nan nasa mai rawa. Mai fenti ya ce bai taɓa ganin Baba ya wahala a kan abu irin haka ba. Da ya ɗaura, gilashi ya riƙa sauka yana hawa sumul, ko ƙara babu. Ranar har kiran mutanen layi ya yi su zo su murɗa su ji. Tsohon ƙarfen ya jefa a buhu.

Aka kawo tsohon da matarsa. Dogon mutum ne, ya rame, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ya shiga ya zauna, aka tayar da mota, ya danna hon ya yi murmushi. Inna ta shiga gefensa, ta sauke gilashi saboda zafi. Ya juyo ya dube ta da ladabi.

Ya ce, "Baiwar Allah, ina za a sauke ki?"

Ta fito a hankali ta zauna a kan bencin Baba, ta ja mayafi ta rufe fuska. 'Yar ta yi ta godiya tana cewa aiki ya yi kyau, ba laifin kowa ba ne. Baba dai bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya matsa kusa da tsohuwar ya zauna.

Ya ce, "Yaya, na yi kuskure. Na tambayi 'yarki labarin motar nan, ke ban tambaye ki ba. Me kika ji ya canza?"

Ta share hawaye, ta yi 'yar dariya. "Ai ka gyara ta fiye da yadda na san ta. Gilashin nan nawa tunda aka sayo ta yake maƙalewa. In na yi ta kokawa da shi ina mita, sai maigidan ya miƙo hannu ta gabana ya doki ƙofar, sai ka ga ya sauka. Na yi magana har na gaji ya kai a gyara, ya ƙi. Ina jin don ya riƙa tsokanata ne."

Baba ya daɗe yana kallon ƙofar. Aikin da ya fi alfahari da shi a motar ke nan, mai yiwuwa kuma shi ne na ƙarshe da hannunsa zai iya. Ya miƙe ya ce, "Ku bar mini ita, sai gobe."

Mai fenti ya gan shi yana zazzage buhu yana neman tsohon ƙarfen, ya ce, "Baba, lafiya? Mutane na gyara kai kana ɓatawa?" Baba ya ce, "Riƙe mini ƙofar nan, surutu ya ishe ni." Ya cire sabon ya mayar da mai cinyayyen haƙori, ya murɗa, gilashi ya kai rabi ya cije.

Washegari suka dawo. Tsohon ya shiga ya riƙe sitiyari, Inna ta zauna a gefensa. Ta kama hannun gilashin ta murɗa, ya kai rabi ya tsaya. Ta ja, ta tura, ta yi tsaki, ta ce, "Wai wannan wace irin mota ce!" Muna tsaye ba mai motsi. Sai tsohon ya saki sitiyari, ya miƙa hannu ta gabanta ko kallon ƙofar bai yi ba, ya dunƙule ya doke ta daidai ƙasan hannun. Gilashi ya sauka.

Ya ce, "Ke dai Sarkin Raki, har yau ba ki iya ba?"

Sunan da shi kaɗai yake kiranta da shi ke nan. Ta kama hannunsa ta riƙe da hannu biyu tana kuka tana dariya, shi kuma yana tambayarta me aka yi mata, wa ya taɓa ta. 'Yar ta juya baya. Baba kuwa ya koma bencinsa yana ta goge filayar da ba ta yi datti ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tsohon ya warke ba. Wata rana yakan gane ta, wata rana ya doki ƙofar kawai ya yi shiru. Amma kowace yamma 'yar takan fito da motar, iyayen su zauna a ciki su biyu, Inna ta murɗa gilashinta ta jira.

Baba ya rufe rumfa kamar yadda ya alkawarta. Mun gode maka, Baba Sai-Gobe, mai haƙurin sauraro. Mun gode da wayoyin da ka ɗaure tsakani da Allah a inda ba mai dubawa, mun gode da buhunan da muka yi ta yi wa dariya. Allah ya ba hannuwanka hutu, ya saka maka da alheri. Ku kuma masu sana'a, ko wace iri ce, ku yi koyi da shi: kafin ku sa hannu a kayan mutum, ku zauna ku tambayi wanda ya rayu da shi, kuma kada ku yi saurin zubar da abin da kuka cire.

Kwanan baya 'yar ta kai motar wani gareji a sa mata iska. Wani mai gyara ya ga Inna tana fama da gilashi, ya matso da sukudireba a hannu ya ce, "Mama, kawo in gyara miki, ba wuya."

Ta dafe ƙofar da tafin hannu ta ce, "Kul! Kada ka taɓa. Wannan gyararre ne."