Tiren Lemo a Gefen Hanyar Summerfield

Fita daga gida

Alhaji Bawa ya iso ƙofar gidana a Greensboro bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Dattijo ne daga zangon Kumasi, kuma shi ya shafa mini ciwon tara tsofaffin tiren ƙarfe, irin waɗanda kamfanonin lemo ke raba wa shaguna don talla tun zamanin kakanni. Ya samu labarin wata tsohuwa a Summerfield ta baje kayan marigayi mijinta a ƙofar gida tana sayarwa.

Matata Rabi ta miƙo mini fulas ɗin shayi ta tagar mota.

"Baban Nana, ka tuƙa a hankali. Kada ka ba su dalili."

Na san abin da take nufi. Bizata ta daɗe da ƙarewa, ga shi shekarar da ta biyo bayan harin jiragen sama na sha ɗaya ga Satumba ce, ana ta kwashe masu irin sunayenmu. Lasisin tuƙi ina da shi, amma tambaya ɗaya kan takardun zama ta isa ta raba ni da iyalina.

Summerfield

Tafiyar ba ta kai rabin awa ba, gidaje suka fara nisa da juna, sai shingaye da dawaki. Tsohuwar ta tarbe mu da fara'a, har da kofi da biskit. A ƙarƙashin tarin labule na hango shi: tire mai koren baki, da hoton wata mata mai malafa tana riƙe da kwalba. Alhaji ya mintsine ni don kada murna ta tona mu. Muka saya, muka fita sumul kamar ba mu tsinci komai ba.

Gefen hanya

Ba a yi wa tire hukunci a inuwa, sai an karkata shi ga hasken rana. Da mun yi haƙuri mun kai gida, amma ina, zumuɗi ya hana. Na tsaya kusa da shingen wata gona, muka buɗe but ɗin mota, muka shimfiɗa tawul. Alhaji ya zaro gilashin ƙara girma ya bi bakin tiren a hankali. Ba lotsawa, ba tsatsa, fentin kuma shafe yake lumui, ba ɗigo-ɗigo irin na jabu ba.

"Isufu, wannan ko kofi ba a taɓa ɗora masa ba," in ji shi.

Muna sunkuye cikin jallabiyoyinmu sai ga wata mata a bayan shingen. Alhaji, da ba ya iya wuce mutum bai gaishe shi ba, ya ɗaga mata hannu. Ta ja da baya, waya a kunne. Na matso kusa da Alhaji.

"Alhaji, mu tafi."

"In muka tafi yanzu mun zama masu gudu. Tsaya."

Motar ɗan sanda ta zo ta tsaya a bayanmu. Ya fito, hannunsa a kan ƙugu, ya ce mu matsa daga but ɗin. Tsoro ya kama ni sosai. Ya tambayi abin da muke yi da wannan ƙarfen. Alhaji ya yi masa bayani.

Ya ɗauki tiren ya ƙwanƙwasa, sannan ya kife shi a kan tsakuwa don ya duba ƙasan tawul. Da ya matsa gaba, takalminsa ya ture shi. Na ji ƙarar fenti a kan dutse har cikin haƙorana.

Ya karɓi lasisina ya koma motarsa. Ban san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ina ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, ina tunanin wa zai biya wa Rabi hayar gida, wa zai kai Nana makaranta. Da ya dawo, ya kalle ni ya ce, "Daga wace ƙasa kake?"

"Nijar, yallaɓai."

Na jira tambaya ta gaba. Rediyon kafaɗarsa ya yi magana, ya saurara, sai ya miƙo mini lasisin ya ce mu bar wurin. Na ce masa na gode, na sake cewa na gode, har da rusunawa.

Komawa

A mota Alhaji ya ɗora tiren a cinya. Karce ya ratsa fuskar matar daga malafa har haɓa.

"Ya sauka daraja," ya ce a hankali. "Amma kai kana nan."

Mun iso gida da hantsi. Na daɗe a zaune hannuna a kan sitiyari kafin in iya buɗe ƙofa. Na gode wa Allah da ya dawo da ni cikin iyalina, na gode wa Alhaji da ya hana ni gudu. Tiren yana ɗakina har yau. Duk sanda na kalli karcen nan, ba ɗan sandan nake tunawa ba, muryata nake ji tana yi masa godiya.